Direban Tankar Guba

A garejin manyan motoci ba wanda ke kiransa da sunansa na gaskiya. Sannu-Sannu ake ce masa tun yana saurayi, saboda bai taɓa wuce gudu sittin ba, ko da hanya ta miƙe fetal babu kowa. Direbobi kan tsokane shi cewa kunkuru ya taɓa wuce shi a kan hawa, har ya ɗaga masa hannu. Shi kuma sai ya yi murmushi ya ce su je su ƙirgo motocin da suka kayar, zai jira su. Shekara talatin yana tuƙi, ko kaza bai taɓa takewa ba. Wannan ne abin alfaharinsa guda ɗaya a duniya, kuma yakan faɗe shi ko ba a tambaye shi ba.

Uwarsa ta rasu yana ɗan shekara huɗu, ubansa kuwa mutum ne da ba ya zama gari ɗaya. Yayarsa ce ta raine shi, wadda ta ba shi shekara goma sha biyu. Ita ta goya shi, ita ta cire masa ƙaya, ita ta zane shi ranar da ya fara ƙarya. Da ta yi aure ta tafi da shi gidan mijinta a unguwar gangare, wadda ke kwance a ƙasan wani tsohon ramin fasa dutse da aka daina aiki a cikinsa tun da daɗewa. A bakin ramin nan ya koyi jifa, a ruwan saman da ke taruwa cikinsa ya koyi iyo. Ranar da zai karɓi lasin tuƙi, 'yan kunnenta ta sayar. Har furfura ta cika masa gemu ba ta daina ce masa Auta ba, shi kuma bai taɓa zama a kujera ba in tana ƙasa.

Bayan rasuwar mijinta, Yaya ta riƙe kanta da lambu. Ɗan fili ne a bayan ɗakinta, kunya takwas na alayyafo da albasa da tumatir, da rijiya a tsakiya. Rijiyar nan ta yi suna a layin. Mata kan tsallake famfon titi, wanda ba ya kawo ruwa sai ya ga dama, su zo su ja a nan, suna cewa ruwan Yaya ko sukari ba ya nema. Tana zaune da jikarta, 'yar 'yarta da ta rasu wajen haihuwa, yarinya mai surutun tsiya da kowa ke kira Aku.

Yana da shekara talatin da biyu ya samu aiki a kamfanin da ke haɗa maganin ƙwari da na kashe ciyawa. Ba kayan sayarwa yake ɗauka ba. A bayan ma'aikatar akwai wani ƙaton kwami na siminti inda ruwan wanke tukwanen haɗi ke taruwa, ruwa tsanwa-tsanwa mai kumfa rawaya a sama, mai warin ruɓaɓɓiyar tafarnuwa da aka jiƙa a kananzir. Aikinsa ya kafa tanka a bakin kwamin, ya jona tiyo, a cika, ya kai ma'aikatar tacewa, tafiyar awa uku ga mai sauri, huɗu da rabi gare shi. Can za a sauke, a buga masa hatimi a wata takarda mai layi uku: na mai lodi, na direba, na mai karɓa. Sau huɗu a mako. Warin ya kama fatarsa har sabulu ya sallama. Matarsa, wadda ke ɗinki a barandar gidan hayarsu, ta ware wa kayansa baho daban da igiyar shanya daban. Da Aku ta fara magana, in ya je gaida Yaya sai ta toshe hanci ta ruga tana ihu, "Ga Kaka Mai Wari nan!" Sannan ta dawo ta lalube aljihunsa ta kwashe alewa.

Shekara goma sha uku ya yi a kan hanyar tacewa, har aka kawo sabon manaja. Mutum ne mai sanyin murya, mai farar riga, wanda ke gaida masu shara da hannu biyu. Kowa ya ce an dace. Wata safiya ya aika a kira direban tanka ofis, ya nuna masa kujera, ya sa aka kawo masa shayi.

"Baba Direba, ka san tsohon ramin dutsen nan na bayan gari?"

"Na san shi, yallaɓai. A ƙasansa na tashi."

"To madalla, ka ga ba sai an yi maka kwatance ba. An kewaye shi da waya, an sa mai gadi. Daga gobe can za ka riƙa saukewa. Minti ashirin ka je, ka dawo ka huta. Tsufa ya fara zuwa, doguwar hanya ba ta kamace ka ba."

Sannu-Sannu ya ajiye kofin bai kurɓa ba.

"Akwai mutane a gangaren, yallaɓai. Da rijiyoyi."

"Injiniyoyi sun duba. Dutse ne, dutse kuwa ba ya yoyo. Kuma na wata uku ne kawai, kafin mu daidaita da masu tacewa. Sun tsawwala mana kuɗi, ga man mota. In muka ci gaba da haka sai an rage ma'aikata, kuma ka san daga tsofaffi ake farawa."

"Takardar fa?"

"Takarda ai takarda ce. Ka sa hannu a inda ka saba. Layin ƙasa mu za mu ji da shi."

Ƙarshen watan ya ga albashinsa ya ƙaru ba tare da ya roƙa ba. Matarsa ta canza keken ɗinki, babban ɗansu ya koma makarantar da aka kore shi saboda rashin biya, aka fara tara kuɗin sayen fili. Baki ya ci, ido ya ji kunya. Wata ukun nan suka zama shekara shida.

Da rana tsaka yake zuwa, ba a ɓoye ba. Mai gadi ya buɗe masa ƙofar waya, ya ja da baya har bakin ramin, ya sa safar hannu, ya murɗa bawul. Yayin da tankar ke amayarwa yakan juya wa gangaren baya, don daga nan ana hango rufin ɗakin Yaya da koren lambunta. Tsuntsaye sun daina sauka a wurin. Kwaɗi, waɗanda da damina suke hana unguwar barci, suka yi tsit. Ya lura da wata tsaga a bangon ramin ta ɓangaren gangare, inda aka cike da ƙasa da ɓaraguzai, kullum tana jiƙe ko da rani. Ya gaya wa manaja sau ɗaya. Manaja ya gode masa ƙwarai, ya rubuta a wata 'yar takarda, ya ɗora kofi a kanta.

A shekara ta biyu Sannu-Sannu ya fara kai wa Yaya ruwa. Jarka biyu duk mako, daga famfon gidansu, ya ɗaure a bayan babur.

"Yaya, ku riƙa shan wannan, ke da yarinya."

"Ikon Allah! Auta ya zama ɗan birni. Rijiyar da ta raine ka ce yau kake ƙyama?"

"Ba ƙyama ba ce. Ku dai sha wannan."

Ta yi dariya ta karɓa, don ba ta mayar da hannun kyauta. Wata rana ta ce masa ruwan rijiyar ya fara ɗan ɗaci a ƙarshen harshe, kuma albasa tana ƙonewa tun daga baki. Ta ce ruwa dai ba ya tsami banza. Ya ce wataƙila saiwar bishiya ce ta shiga. Ya tashi ya ce yana sauri, shi da bai taɓa sauri ba.

Damina ta shida aka yi kwana uku ana ruwa ba ƙaƙƙautawa. Rana ta huɗu da hantsi, sama ta washe, mata sun fito shanya, bangon ramin ya buɗe. Waɗanda suka ji sun ce ba ƙara ya yi ba, wani irin nishi ne mai tsawo. Abin da aka tara shekara shida ya gangaro unguwar a cikin rabin awa.

Sannu-Sannu na cikin harabar kamfani yana duba tayoyi labarin ya iso. Ya bar komai ya hau babur. Tun daga kwanar shiga unguwa warin ya tare shi, warinsa, wanda yake kwana da shi yake tashi da shi. Ruwan ya kai gwiwa a wasu layukan, tsanwa da kumfa, yana shiga ɗakuna yana fitowa da tabarmi da tukwane. Kaji sun bi ruwa ciki a sama. Awaki na tsaye a kan tudu suna dalalar da yawu suna karkarwa, can sai su faɗi. Mutane na ta kutsawa ciki ba takalmi suna ceton katifa da buhun hatsi, ba wanda ya gaya musu abin da suke takawa. Ya tsaya a kan wani dakali yana ihu, "Ku fito daga ruwan! Guba ce! Ku fito!" Wani ya waiwayo ya ce, "Kai ta ina ka sani?" Ya sauka daga dakalin ya nufi gidan Yaya.

Ya sami Yaya a bakin ƙofarta, ruwa har cinya, ta ɗora Aku a wuya. Ranar yarinyar ba ta je makaranta ba saboda mura. Tana bayan ɗaki ruwan ya kayar da ita, ta sha kafin kakarta ta cafko ta. Lambun babu shi, rijiyar ta cika ta batse, ba a gane bakinta sai da guga da ke yawo a kai.

Washegari manaja ya kira shi. Farar rigar na nan, muryar ma na nan, sai dai ba shayi.

"Baba Direba, abin da ya faru ƙaddara ce, ruwan sama ba na kowa ba ne. Amma mu maƙwabta ne, dole mu taimaka. A wanke tankar da garin sabulu, sau uku, ka cika ta da ruwan sha ka kai musu. 'Yan jarida za su zo da yamma."

"Wace tankar, yallaɓai?"

"Tanka nawa gare mu?"

Sannu-Sannu ya dubi mutumin nan ya ga da gaske yake. Ya zaro makulli daga aljihu ya ajiye a kan tebur. Tunda yake bai taɓa ce wa na gaba da shi a'a ba.

"Wannan kam ba zan kai ba."

Manaja ya dube shi kamar mai auna kaya. Sannan ya ce, "Shi ke nan. Je ka huta." Aka yi hayar wata tankar, aka ɗaura mata ƙyalle mai rubutu cewa kamfani na tare da jama'a. Aka raba bokitai masu tambarin kamfani da buhunan shinkafa a gaban kyamara. Mako biyu tankar ta yi tana zuwa. Da 'yan jarida suka daina zuwa, ita ma ta daina.

A asibiti an cika ɗakuna har baranda. Masu saɓar fata, masu amai, masu numfashi kamar ana zuga zugazugi. Ƙafafun Yaya sun saɓule daga cinya zuwa tafin ƙafa, an naɗe su da bandeji. Ta ƙi kwanciya a gadonta, ta sa aka kai ta gefen gadon Aku. Yarinyar ta kumbura har idanunta sun shige, fitsari ya ɗauke, kuma abin da ya fi ba kowa tsoro, ta yi shiru. Likita ya ce ƙoda ce, sai an riƙa wanke ta da inji, injin kuwa guda biyu ne ga mutum talatin.

Kullum Sannu-Sannu yana zuwa ya tsaya daga bakin ƙofa. A mako na uku Yaya ta yafito shi.

"Auta, matso."

Ya durƙusa a gefen kujerarta.

"Shekara nawa kana kawo min jarkokin nan?"

"Huɗu da wani abu, Yaya."

"Ina ta yi maka dariya, ina cewa ka zama ɗan birni. Ashe sani ka yi."

Ya sunkuyar da kai.

"Jarka biyu. Ni da yarinya mu sha. Layin fa? Matan nan da ke zuwa rijiyata, da hannuna nake miƙa musu guga, ina jin daɗi ina samun lada. Masu ciki, masu goyo. Ka bar ni ina shayar da su wannan abin, kai kana can sama kana murɗa famfo?"

"An ce min dutse ba ya yoyo."

"Wanda ya yarda dutse ba ya yoyo ba ya ɗauko jarka." Ba ta ɗaga murya ba, saboda yarinyar. "Kalma ɗaya, Auta. Da ka faɗa min kalma ɗaya, da ni da kaina na rufe rijiyar nan na zauna a kanta. Tashi ka tafi. Ba zan yi maka baki ba, don ni na goya ka, zai kama ka. Amma tashi daga gabana."

Aku ta rasu a mako na bakwai. Kafin shekara ta zagayo an binne mutum goma sha ɗaya daga unguwar, ban da cikin da ya zube, wanda ba a sa shi a lissafi.

Gwamnati ta kafa kwamitin bincike. Kamfani ya zo da lauyoyi huɗu da akwatuna biyu na takardu. Bayaninsu gajere ne. Su dai sun san duk digon ruwan da ya fita daga harabarsu ma'aikatar tacewa ya nufa, ga takardu, ga hatimi. In wani direba ya karkatar da mota don ya sayar da man doguwar hanya ya sa a aljihu, ya kuma sassaƙa hatimin ƙarya, to su ma cutarsu aka yi. Filin ramin ba nasu ba ne, na wani kamfani ne daban. Da aka je adireshin wancan kamfanin sai aka tarar da shago a kulle, mai gyaran takalmi na zaune a ƙofarsa. Mai gadin ramin, wanda ya buɗe wa Sannu-Sannu ƙofa shekara shida suna raba goro, ya rantse bai san wanda ke biyansa ba, kuma bai taɓa ganin wani babba a wurin ba. Manaja kuwa an yi masa ƙarin girma, an tura shi riƙon reshe a wata ƙasa.

Aka kama Sannu-Sannu a gaban 'ya'yansa. Yana tsare, ƙaramin lauyan kamfani ya zo ganinsa da ledar lemo.

"Baba, ka sauƙaƙa wa kanka. Ka amsa cewa kai ka yi don man. Wata shida ka fito, albashinka kuma ba zai daina zuwa gida ba. Kowa ya huta."

"Na zuba," in ji shi. "Wannan zan amsa ko a gaban wa. Amma aiko ni aka yi."

"Wa ya ji lokacin da aka aike ka?"

Ba wanda ya ji. Kofin shayi ne kawai a wurin.

A kotu ya faɗi komai, ofis, da tsaga, da 'yar takardar da aka ɗora wa kofi, da tankar da aka ce ya wanke. Alƙali ya saurara, ya rubuta. Sannan lauyan kamfani ya buɗe akwati ya fara zaro takardu ɗaya bayan ɗaya.

"Hannun wa ne wannan?"

"Nawa ne."

"Wannan fa?"

"Nawa ne."

Takardu sama da dubu, kuma babu ɗaya mai hannun manaja. Aka ɗaure shi shekara biyu, aka soke lasinsa. Kamfani aka ci shi tara saboda sakaci wajen sa ido a kan ma'aikaci. Wani tsohon akawun kamfanin ya ce a teburin mai shayi, ba a kotu ba, tarar ba ta kai abin da suka tsira da shi na man wata biyu ba.

Da Sannu-Sannu ya fito daga kurkuku ya tarar kamfanin ya mutu a takarda. An canza suna, an shafe koriyar ƙofa da shuɗin fenti, an dasa furanni a bakin titi, an kafa allo mai cewa muhalli amana ne. Injinan su ne, hayaƙin shi ne, har mai shayin ƙofa bai canza ba. Kafin tsohon sunan ya mutu an ware wani abu wai asusun tallafi, ba diyya ba, don diyya tana nufin an amsa laifi. Mai nema sai ya kawo takarda uku: ta mallakar gida, ta likita da ta ambaci sunan gubar, da rasit na abin da ya yi asara. Rabin unguwar haya suke. Masu gidan kansu kuwa ruwan ya cinye takardunsu. Likitoci kuwa ciwon ƙoda suka rubuta, ko ciwon huhu, don ba su da injin gwada guba. Yaya ta je sau uku a kan keken guragu na aro. A na ukun ta tambayi yaron tebur inda ake yanka rasit ɗin alayyafo, da na jika. Cikin gida ɗari uku, goma sha tara suka samu, biyu daga ciki a kan tudu suke, ruwan ko ƙofarsu bai taɓa ba.

Matarsa ta riƙe gidan da keken ɗinki shekara biyun nan, ba ta fasa kai masa abinci ba ko sau ɗaya. Shugaban gareji ya tausaya masa ya ba shi wankin manyan motoci, da bokiti da doguwar tsintsiya, shi da ya yi shekara talatin a bayan sitiyari. Bai yi ƙorafi ba. Abin da ya tayar da rigima a gidan shi ne filin. Ya ce zai sayar ya haƙa wa layin Yaya rijiyar burtsatse, don har lokacin sayen ruwa suke daga nesa.

"Baban yara, kanka ɗaya kuwa?" in ji matar. Ta tsayar da keken. "Su sun ci riba, sun canza fenti, kai ka yi ɗauri. Yanzu kuma kai za ka biya? Filin 'ya'yanka ne fa. Shi kaɗai muka mallaka a duniya."

"Da kuɗin ramin na saye shi."

"Keken nan ma da kuɗin ramin ne. Ɗauke shi ka haɗa. Karatun ɗanka ma ka je ka amayo shi." Ta yi kuka, ta yi kwana huɗu ba ta yi masa magana ba. A na biyar ta ɗauko takardar filin daga ƙasan akwati ta ajiye masa a kan matashi.

Masu haƙa suka zo da motarsu suka kafa a bakin layi. Kwana uku injin na ruri, unguwa ta taru tana kallo. Ba wanda ya gode masa, bai kuma sa rai ba. Ya tsaya can gefe da hularsa a hannu. Rana ta uku da la'asar ruwa ya yi tsiri sama, fari tas, yara suka sa ihu suka ruga za su shiga. Shi ya fara jin warin, don hancinsa ya fi na kowa sanin abin. Ya daka musu tsawa ya tare su da hannu biyu. Shugaban masu haƙa ya tara a tafin hannu ya shinshina, ya zubar, ya goge hannun a wando.

"Baba, ƙasan nan ta sha har ƙashi. Ko mun ninka zurfin, abin da za mu samu ke nan. Kuɗinka kuwa sun riga sun shiga rami."

Aka toshe bututun da siminti. Mutane suka watse ba hayaniya. Wata mata da ta rasa mijinta ta bi ta gabansa da bokitinta wayam, ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Kai ko alherinka ma wari yake."

Yaya ta ƙara shekara ɗaya da 'yan watanni. Ƙafafun ba su warke ba, ƙirjin ma ya kama. Ta yarda ya riƙa zuwa, ya zauna a bakin ƙofa, ya kawo magani, ya gyara rufi. Tana amsa gaisuwarsa, tana tambayar yara. Amma Direba take ce masa, kamar kowa. Ranar da ta cika yana wankin wata tirela, sai da ya ɗauraye ta tukuna aka gaya masa.

Mutanen unguwar sun shigar da ƙara tasu, ta neman diyya da kwashe gubar, don har yau ramin na nan, an dai tura masa ƙasa an dasa ciyawar da ta ƙi fitowa. Wata lauya ce ta ɗauki shari'ar kyauta. Ita ta zo gareji da kanta, ta tsallake kwatar wanki da takalminta mai tsini, ta ce masa duk shari'ar a kan bakinsa take tsaye, don shi kaɗai ne ya ji umarnin da kunnensa kuma ya yarda ya faɗa. Ya ce ko yau aka kira shi a shirye yake.

Shekara tara ke nan ba a kira shi ba. An canza alƙali sau uku, kowane sabo sai a faro daga farko. Fayil ya ɓata ya dawo. Lauyoyin sabon suna sun ce ba su san tsohon suna ba, kuma ba a ƙarar mamaci. Duk ranar zama sai matarsa ta goge masa riga, ya nemi izini a gareji, ya tafi tun da wuri ya zauna a bencin baya. Mutanen unguwa na cika sauran bencina har wasu su tsaya, amma nasa ba mai zama. Suna buƙatarsa, kuma ba su yafe masa ba, shi ma bai ga dalilin da za su yafe ba. Kowace shekara masu zuwa na raguwa. Yanzu shi ma tari ya kama shi, irin mai sa mutum ya dafa bango.

A zaman da ya wuce minti shida aka yi. Babban lauyan kamfani ya yi tafiya, aka ɗage zuwa wata huɗu. A baranda tarin ya turnuƙe shi har ya durƙusa. Wani tela daga layin Yaya, wanda ya binne 'ya'ya biyu, ya tsaya a kansa har ya lafa, sannan ya miƙa masa ruwan leda.

"Kada ka mutu fa kafin a kira ka."

"In Allah ya yarda."

"Ba don kai na faɗa ba."

"Na sani," in ji Sannu-Sannu.

Ya sha ruwan, ya naɗe ledar ya sa a aljihu don bai ga kwandon shara ba. Ba shi da na mota, sai ya kama hanyar gareji a ƙasa. An ce masa tirela uku na jiran wanki, ɗaya ta shanu ce.